Bashin da Kawu ya biya a 2021, ya sake tare masa hanya a 2024

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara ashirin yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Wajen wata biyu kafin azumin 2024 ya je wani banki da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, yana so su sayo masa kaya na naira miliyan 8 su sayar masa da riba, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, wato murabaha. Duk wanda ya san Kwari ya san dalili: kayan sallah ana tara su ne tun kafin a ga watan azumi. Ya kai takardun shago, ya kai sitatimen na shekara guda, ya kawo masu tsaya masa. Bayan kwana goma yaron bankin ya kira shi ofis.

"Alhaji, ranka ya daɗe, sunanka ya fito da bashi."

"Bashin wa?"

"Wani banki ne. Abin da ya fito ya haura miliyan uku, kuma an rubuta ba a biya ba."

"Ɗan samari, ni babu mai bi na ko kwabo. Wancan na sayar da filina na biya su."

Yaron ya ce shi dai abin da ya gani a takarda ke nan, kuma ba shi da ikon wuce shi. A daren Kawu ya zo gidana bayan isha'i, saboda ni ne akanta a cikin dangi, kuma a wurinsu duk abin da ya shafi lamba nawa ne. Ransa a ɓace yake ƙwarai. Abin da ya fi ci masa rai ba hana shi kayan da aka yi ba ne. A ce masa maci bashi ne a gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba.

Takardar da yaron ya gani ita ce rahoton bashi. A Nijeriya kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba wa lasisin tattara irin wannan bayani: CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Su ba sa ba da bashi, ba sa karɓar bashi. Bankuna da sauran masu ba da rance ne ke aika musu labarin kowane mai bashi duk wata, su kuma su jera shi a ƙarƙashin sunan mutum. Tun da aka kawo BVN a 2014, ɓuya ta yi wuya, domin lamba ɗaya ce ke haɗa duk asusun mutum ko da ya sauya banki ko ya sauya gari. Babban Banki ya wajabta wa banki ya nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan kafin ya ba da rance, kuma shi kansa yana da nasa kundin da ake kira CRMS. Dokar da ke kula da harkar ita ce wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. A cikinta akwai haƙƙin da mutane da yawa ba su sani ba: kowa na iya karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara.

Da wannan muka fara. Muka nemi rahoton Kawu daga kamfanoni biyu. Ba zan faɗi ko waɗanne ba ne, domin kamar yadda za a gani, kuskuren ba daga wurinsu ya taso ba.

Kafin in buɗe takardun na ce ya ba ni labarin bashin tun daga tushe, kada ya tsallake komai.

A 2015 ya karɓi rancen naira miliyan 4 daga wani bankin kasuwanci, a biya cikin wata 24, don ya ƙara jari ya shiga kwantenar da 'yan layinsu ke haɗa kuɗi su yi odarta daga Chana. A lokacin dala tana wajen naira 197 a farashin gwamnati. Ya yi ta biya lafiya har tsakiyar 2016, lokacin da aka saki naira kuma tattalin arziki ya durƙushe. Zuwa farkon 2017 dala ta haura naira 500 a hannun 'yan canji. Kayan da ya bayar bashi ga 'yan sari na ƙauyuka ba su dawo da kuɗi ba, wanda ya dawo kuma ba ya iya sayen rabin abin da ya fita. A watan Oktoban 2016 ya daina biya, da sauran miliyan 2.3 na uwar kuɗi a kansa.

A watan Mayun 2017 bankin ya kira shi aka sake tsara bashin. Aka haɗa uwa da ruwan da ya taru ya zama miliyan 2.9, aka ba shi sabon jadawali, ya sa hannu. Ya biya wata huɗu ya sake tsayawa. Daga nan sai shiru na tsawon lokaci, in ban da wasiƙa jefi-jefi. Wata rana a 2020 ya haɗu da wani ma'aikacin reshen a wurin ɗaurin aure, mutumin ya ce masa, "Ai Alhaji naka an share shi daga littafi." Kawu ya koma gida yana hamdala, a zatonsa an yafe.

Ba a yi wata uku ba wasiƙa ta zo daga sashen karɓo bashi na bankin, tana cewa ana bin sa miliyan 3.4. A daidai lokacin kuma labari ya cika kasuwa cewa daga watan Agustan 2020 banki na iya bin BVN ya kwashe kuɗin mai bashi daga kowane asusu a kowane banki. Tsarin gaskiya ne, GSI ake ce masa, sai dai yana aiki ne da izinin da mai karɓar rance ya sa wa hannu, kuma takardun Kawu na 2015 ba su da wannan. Shi bai san haka ba. Ga tsoro, ga kuma abin da ya daɗe yana damun sa: shekaru na tafiya, ba ya son ya kwanta dama da haƙƙin wani a wuyansa. Ya sayar da wani fili da ya ajiye, ya je aka yi sulhu a farkon 2021. Bankin ya rubuto masa cewa in ya biya miliyan 2.5 a dunƙule, an yafe masa ragowar dubu 900. Ya biya, aka ba shi rasit, manaja ya ba shi hannu. Ya yi rantsuwa shi da bashin ruwa har abada.

Na ce, "Kawu, sun ba ka takardar da ke cewa ba sa bin ka komai?"

Ya ce, "Ɗana, wace takarda kuma? Ga rasit, ga manaja ya ce an gama."

A nan matsalar ta kwana shekara uku.

Rahoton bashi ba labari yake bayarwa ba, layi-layi ne. Kowane rance yana da layinsa: sunan wanda ya ba da shi, lambarsa, ranar da aka buɗe shi, adadin da aka bayar, abin da ya saura, yawan kwanakin da aka yi ba a biya ba, matsayin da aka ajiye shi, sai kuma ranar ƙarshe da bankin ya aiko da bayani a kansa. Idon kowa kan faɗa ne kan abin da ya saura, domin nan ne kuɗi yake. Ni a ganina wannan ranar ta ƙarshe ta fi komai amfani in tsohon bashi ake dubawa, domin ita ke gaya maka ko abin da kake karantawa maganar watan jiya ce ko maganar da aka yi shekara bakwai da suka wuce ba a sake waiwayar ta ba.

A rahoto na farko, bankin Kawu yana da layi biyu.

Layi na ɗaya: miliyan 4, an buɗe a 2015, saura miliyan 2.3, matsayinsa bashin da ake shakkar dawowarsa, ranar bayani ta ƙarshe Mayun 2017. Layi na biyu: miliyan 2.9, an buɗe a Mayun 2017, saura dubu 900, matsayinsa wanda aka share daga littafi, kwanakin rashin biya sun haura dubu biyu, ranar bayani ta ƙarshe watan da ya gabata. In ka haɗa miliyan 2.3 da dubu 900 ka sami miliyan 3.2. Ga miliyan uku da 'yan kai ɗin da yaron banki ya gani.

Ashe bashi ɗaya ne ya fito da fuska biyu. Ranar da aka sake tsara shi a 2017, kwamfutar bankin ta buɗe masa sabuwar lamba kamar sabon rance. Abin da ya kamata shi ne a aika wa kamfanin cewa tsohuwar lambar an rufe ta, saura sifiri. Ba a aika ba. Sai layin ya daskare a yadda yake a watan, kamar agogon da batirinsa ya mutu. Shaidar tana cikin takardar kanta: watan da layi na ɗaya ya yi shiru shi ne watan da layi na biyu ya fara magana. Kamfanin ba shi da hurumin ya yi hasashe ya ce ai waɗannan biyun abu ɗaya ne. Abin da aka ba shi yake nunawa.

Matsayin da aka rubuta a gaban kowane layi ma ba zagi ba ne, lissafin kwanaki ne. A ƙa'idar da Babban Banki ya gindaya wa bankunan kasuwanci a 2010, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun masu lafiya ya zama mai rauni, banki ya ware kashi 10 cikin 100 nasa a matsayin asarar da ake tsammani. In ya kai kwana 180 ya zama abin shakka, a ware kashi 50. In ya kai kwana 360 ya zama ɓatacce, a ware shi gaba ɗaya. Daga Oktoban 2016 zuwa Mayun 2017 kwana ɗari biyu ne da 'yan kai, shi ya sa layi na ɗaya ya tsaya a kan shakka. Da an ci gaba da aiko da bayaninsa da tuni ya zama ɓatacce. Tsayawarsa a nan ma wata shaida ce cewa an manta da shi ne.

Layi na biyu ya fi ɗaukar mu lokaci, domin sai da na warware wa Kawu kalmar da ta yaudare shi a wurin ɗaurin aure. In banki ya ce ya share bashi daga littafi, maganar tsakaninsa ce da masu hannun jarinsa da masu binciken lissafinsa. Ya riga ya ware kuɗin a matsayin asara, don haka ya daina ƙidaya shi cikin dukiyarsa. Amma ba ya yar da shi. Yana mayar da shi wani littafi na gefe, sashen karɓo bashi ya ci gaba da bin sa, duk abin da aka samo ya shiga a matsayin riba. Na ce masa, "Kawu, in ɗan sari ya tsere maka da kuɗin dila biyu, ranar da za ka fitar da zakka kana lissafa su cikin abin da ke hannunka?" Ya ce a'a. Na ce, "To in ka gan shi a tashar mota fa?" Ya yi dariyar farko tun da ya shigo. Ya ce, "Sai na cafke shi."

To daga ina dubu 900 ta fito, alhali an yafe? Wasiƙar sulhun 2021 tana nan, ya ajiye ta tare da rasit a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin kantarsa, Allah ya taimake mu. Abin da muka gano daga baya shi ne an shigar da miliyan 2.5 ɗin a kan miliyan 3.4, amma yafiyar ragowar, duk da an amince da ita a rubuce, babu wanda ya zauna ya shigar da ita a kwamfuta. Manajan da ya ba shi hannu an sauya masa wurin aiki. Kwamfuta kuwa ba ta san an yi musabaha ba. Duk ƙarshen wata sai ta aika cewa ana bin mutumin nan dubu 900, ta ƙara kwana talatin a kan kwanakin rashin biya.

Ɗan Kawu, wanda ke jami'a, ya kawo tasa fatawar: ya karanta a intanet cewa bayan shekara bakwai kowane bashi yana fita daga rahoto da kansa, don haka a yi haƙuri kawai. Abin da ya karanta gaskiya ne, amma a Amurka. Dokarsu ta 1970 ta hana nuna yawancin munanan bayanai bayan shekara bakwai, kuma ana ƙirgawa ne daga lokacin da aka fara saɓa biya. A Ingila shekara shida ce daga ranar da aka rubuta mutum ya gaza. Dokarmu ta 2017 ta zo ta wata fuskar: ta ce kamfani ya riƙe bayani na tsawon da bai gaza shekara shida ba, sannan ya adana shi a ma'ajiya na ƙarin shekara goma kafin a lalata shi. Wato mafi ƙarancin lokaci ta ƙayyade, ba mafi yawa ba. Kuma layin da banki ke sabuntawa duk wata, yaushe zai tsufa? Wanda ya zauna jiran shekara bakwai a Kano da lissafin Amurka zai daɗe a zaune.

Rahoto na biyu bai nuna layin 2015 ba ko kaɗan, na 2017 kawai ya nuna da dubu 900 ɗinsa. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowane kamfani abin da ya iso gare shi yake da shi, shi ya sa duba ɗaya ba ya wadatarwa. Sai dai a ƙasan shafin akwai abin da babu a na farko: sashen waɗanda mutum ya tsaya wa. Wani ƙaramin banki na masu ƙananan sana'a, rancen dubu 300 a 2022, saura dubu 85, ɓatacce. Irin waɗannan bankuna ma'auninsu ya fi gajarta. Abin da bankin kasuwanci ke jira shekara kafin ya kira shi ɓatacce, su 'yan watanni sun ishe su.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce ya tuna. Tsohon yaron shagonsa ne, wanda ya sallama ya buɗe nasa teburin. Yaron ya zo da fom ya ce, "Maigida, hannu kawai za ka sa mini." Ya sa. Wannan layin babu kuskure a cikinsa, kuma Kawu bai yi gardama ba, domin ko a karatun zaure an san wanda ya lamunci mutum shi ake bi in an rasa. Ya kira yaron a waya a gabana. Aka yi ta ba da haƙuri, matarsa ce ta haihu da tiyata, kasuwa ce ta tsaya. Kawu ya biya dubu 85 ɗin washegari, ya ce yaron ya riƙa kawo masa dubu biyar duk Juma'a. A wannan karon bai bar ƙaramin bankin ba sai da takarda mai hatimi a hannunsa.

Sauran aikin na rubutu ne da zirga-zirga. Muka rubuta wa bankin wasiƙa shafi ɗaya, da lambobin bashin guda biyu, muka nemi abu uku: a rufe lambar 2015, a shigar da yafiyar 2021, a ba shi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai. Muka haɗa da hoton wasiƙar sulhu da na rasit, ba asalinsu ba. Muka tabbatar an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinmu. A ranar kuma muka aika ƙorafi ga kamfanonin biyu da takardun iri ɗaya. Doka ta ba da kwana goma na aiki a warware irin wannan ƙorafi, in ba a yi ba mutum ya kai ƙara Babban Banki. Kamfanonin sun amsa da wuri cewa sun tuntuɓi bankin, amma ba za su taɓa lamba ba sai shi ya aiko da gyara. Kawu ya ga kamar wasa ake masa da hankali. Ni kuwa ban ga laifinsu ba: in da kamfani zai goge bashi don an kawo masa rasit, da masu buga rasit na bogi sun yi arziki.

Kwana goman suka wuce reshe yana cewa maganar tana hedikwata. Muka rubuta wasiƙa ta biyu, muka ambaci ranar da aka karɓi ta farko, muka ce mataki na gaba sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ne na Babban Banki. Ban sani ba ko wannan jimlar ce ta yi aiki ko dama takardar ta iso teburin da ya dace; cikin mako guda dai aka kira shi ya karɓi takardar shaidarsa. Gyaran kuma bai bayyana a rahoto ba sai da bankin ya aika bayanan ƙarshen wata. Gaba ɗaya mako bakwai. An riga an sha ruwa na huɗu ranar da muka ciro sabon rahoto, kasuwar ƙaramar sallah ta wuce shi.

Sabon rahoton ya nuna layin 2015 a rufe, saura sifiri. Layin 2017 ma a rufe, saura sifiri, kwanakin rashin biya sun daina ƙaruwa. Amma layukan suna nan, kuma na biyun yana ɗauke da tarihinsa: an taɓa share shi daga littafi, an kuma rufe shi ta hanyar sulhu, ba da cikakken biya ba. Kawu ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Wannan fa? Ba na ce a goge ba?"

Na ce masa wannan ba za a goge ba, domin ya faru. Abin da doka ta ba shi shi ne a gyara ƙarya, kuma an gyara. Ya daina biya a 2016, ya sake dainawa a 2017, an yafe masa dubu 900. Duk wanda zai ba shi kayan miliyoyi yana da haƙƙin ya san haka, kamar yadda shi ma yakan tambayi 'yan layi kafin ya ba baƙon ɗan sari kaya. Bai ji daɗin amsar ba. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasa ne kaɗai aka rubuta a allo. Na ce ba nasa kaɗai ba ne, nasa ne dai ya karanta.

Ya koma wurin yaron bankin nan da sabon rahoto da takardun shaida guda biyu. Wannan karon takardunsa sun wuce zuwa kwamiti. Ba su ba shi miliyan 8 ba. Sun amince da kayan miliyan 5, suka ce ya ajiye kaso mafi girma daga aljihunsa kafin su sayo, suka rage wa'adin biya zuwa wata shida, da alkawarin a sake duba adadin in ya cika wannan ba tare da saɓawa ba. Kayan sun iso shago da sauran mako biyar a yi babbar sallah. Takardar shaidar kuwa ya sa an yi mata kwafi uku: ɗaya a akwatin ƙarfe, ɗaya a gida wurin Hajiya, ɗaya ya kawo mini ya ce in ajiye, in kuma tuna masa a watan Janairu mu ciro rahoton shekara.